Rai-Ɗore: Tarihin Ganyen Bakin Hanya da Ya Ruɗa Likitocin Indiya

 Ga waɗanda data ba ta bari su saurara ba, ga rubutaccen shirin kamar yadda muka saba.

Yau tarihin wani tsiro za mu yi, tsiron da nake da tabbacin yawancinku kun taka shi a hanya ko kun sha ruwansa kuna yara. Rai-ɗore ke nan, wasu wuraren su ce sanga-sanga. Da damina ta sauka za ka gan shi a bakin titi, a kan juji, a kango, a gefen makaranta. Yakan kai ƙugun mutum ko ya wuce, furensa rawaya ne, ganyensa mai tsinin baki, in ka murza shi a hannu ka ji wani wari mai hawa kai. Da kaka ta ƙarato sai ya fitar da kwasfa irin ta wake, don shi ma dangin wake ne, sai dai na daji.

Dalilin da ya sa na ɗauko shi: kullum a Facebook da TikTok sai ka ga an ɗora hotonsa an jera cututtuka goma sha. Maleriya, taifot, shawara, basir, ciwon suga, har da ciwon hanta. A ƙarshe kuma a rufe da kalmar da ta fi komai tayar mini da hankali, wai "ba shi da wata illa tunda na gargajiya ne." To yau za mu bi sawun wannan ganye daga inda ya fito har zuwa wasu ƙauyuka na Indiya, mu ga ko maganar nan ta tsaya.

Mu fara da asali. Masana tsirrai suna danganta asalin rai-ɗore da yankunan zafi na nahiyar Amurka. A shekarar 1753 masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya shigar da shi littafinsa da suna Cassia occidentalis, kuma kalmar ta biyu ma'anarta "na yamma". A 1829 wani Bajamushe mai suna Link ya mayar da shi gidan Senna, shi ya sa a takardun yanzu za ku ga Senna occidentalis. Duk abu ɗaya ne. Bayan jiragen ruwa sun haɗa Amurka da sauran duniya, tsiron ya bazu a Afirka da Asiya da Ostireliya, ya zauna daram kamar ɗan gida.

Duk inda ya je kuwa sai da mutane suka samo masa aiki. A Senegal da wasu ƙasashen ana gasa ƙwayarsa a niƙa a sha a madadin kofi. A Indiya sunansa kasondi, yana cikin magungunan gargajiyarsu. A ƙasar Hausa ana dafa ganyen a sha, a yi wanka da shi, a yi sirace idan zazzaɓi ya kama mutum. Wani likita ɗan Sikotilan da ya yi aiki a Arewacin Najeriya zamanin Turawa, Dakta Dalziel, ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, sannan a 1937 ya fitar da babban littafi kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma, kuma rai-ɗore na cikin tsirran da ya rubuta. Amma ku lura, aikin irin waɗannan littattafai shi ne adana abin da mutane suka ce suna yi da ganye. Rubuta cewa ana shan abu don zazzaɓi daban, gwada ko yana warkar da zazzaɓin daban.

To yanzu mu tafi Indiya, domin can ne aka biya kuɗin wannan darasi da rayuka.

A yammacin jihar Uttar Pradesh akwai gundumomi irin su Saharanpur da Bijnor da Muzaffarnagar, yankin noman rake ne mai cunkoson jama'a. Shekara da shekaru, da an shiga watan Satumba har zuwa Disamba, sai wata cuta ta fara ɗaukar ƙananan yara. Yaro lafiyarsa lau da safe, sai amai, sai ɗan zazzaɓi, sai ya fara fizge-fizge yana wasu abubuwa kamar ba ya cikin hayyacinsa, daga nan ya faɗa doguwar suma. Cikin kwana biyu ko uku an yi jana'iza. Yawancinsu 'yan shekara biyu zuwa huɗu ne, 'ya'yan talakawa futuk. A cikin yara huɗu da cutar ta kama, kusan uku ba sa tashi. Kowace shekara ana maganar ɗaruruwan yara.

Me hukumomi suka ce? Suka ce ciwon kumburin ƙwaƙwalwa ne da ƙwayar bairas ke kawowa. Zaton nan ba shirme ba ne, don a gabashin wannan jihar akwai irin wannan ciwo na gaske wanda sauro ke yaɗawa. Sai aka yi ta turo ayarin masu bincike, a ɗebi jini, a kai ɗakin gwaje-gwaje, a nemi bairas, a rasa. Shekara ta zagayo a sake. Ana ta feshin sauro, yara na ta mutuwa. Kun ga matsalar saka wa cuta suna tun kafin a gane ta: da an ce "bairas ne", kowa ya daina duba wani wajen.

A farkon shekarun 2000 wani likitan yara da ke aiki a Bijnor, Dakta Vipin Vashishtha, ya ƙi yarda ya tsaya a nan. Ya haɗa kai da wani dattijon masanin ƙwayoyin bairas daga Vellore a kudancin Indiya, Farfesa T. Jacob John, da wani masanin nazarin naman jiki, Dakta N. C. Nayak. Suka koma farko, suka ce mu manta da sunan da aka ba cutar, mu duba abin da jikin yaran ke faɗa.

Abu na farko: idan bairas ya shiga ƙwaƙwalwa, ruwan da ake zuƙowa daga gadon baya yakan nuna alamar yaƙi, wato ƙwayoyin garkuwar jiki sun taru. Ruwan waɗannan yara fes yake. Abu na biyu: gwajin jini ya nuna hanta na lalacewa sosai, sukarin jini ya faɗi, kuma sinadarin da ke tsiyayowa idan tsoka ta ruguje ya hau sama. Abu na uku: da aka duba naman hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa a madubin likita, aka ga ƙwayoyin hanta sun mutu, zaren tsoka ya lalace, ƙwaƙwalwa ta kumbura, amma babu sawun kamuwa da cuta mai yaɗuwa. Wannan hoton guba ne. Suka ba ciwon sabon suna mai tsawo, wanda fassararsa ita ce ciwon hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa.

Saura tambaya ɗaya: wace guba ce take zuwa a watanni huɗu kacal na shekara, ta tsallake manya, ta tsallake 'ya'yan masu hali, ta zaɓi 'ya'yan talaka masu rarrafe da tatata?

A nan ne labarin ya fi ba ni mamaki, kuma ya fi ba ni haushi. Amsar tana rubuce tun da daɗewa, sai dai a ɗakin karatun likitocin dabbobi. Tun shekarun 1960 likitocin dabbobi a kudancin Amurka ta Arewa, irin su jihar Texas, suke rubuta cewa shanun da suka ci rai-ɗore suna kwantawa su kasa tashi, fitsarinsu ya yi duhu kamar shayi saboda tsokarsu na narkewa, da yawa su mutu. An ga irin haka a Birazil da Ostireliya. An ga dawakai da hantarsu ta lalace, an ga aladu da kaji da suka kwanta bayan ƙwayar ta gauraya da hatsin abincinsu lokacin girbi. Hanta da tsoka, daidai abin da ake gani a jikin yaran Bijnor. Likitan saniya ya sani, likitan yaro bai sani ba, saboda ba mujalla ɗaya suke karantawa ba.

Sannan ga kalanda. Satumba zuwa Disamba shi ne lokacin da kasondi ke cika da kwasfa a wannan yanki, kuma yana nan a ko'ina, har ƙofar bukkoki. Iyaye sun tafi ƙwadago a gona, yaro na jin yunwa, ga wani abu kamar wake a daidai tsayinsa. Sai ya ɓare ya ci.

Amma zato ba hujja ba ne, dole a gwada. A 2005 suka ɗauki yara 18 da ciwon ya kama, suka kwatanta su da yara 54 masu lafiya, sa'anninsu daga unguwanni ɗaya. A cikin 18 ɗin nan, iyayen 8 sun tabbatar sun ga yaransu na cin ƙwayar kafin su kwanta. A cikin 54 masu lafiya, 3 ne kacal. Sun kuma lura cewa yaran da ke da ɗabi'ar cin ƙasa da tsince-tsince sun fi faɗawa ciki. Sakamakon ya fito a mujallar binciken lafiya ta Indiya a 2007.

Bayan wasu shekaru, masana a cibiyar nazarin guba ta birnin Lucknow suka ƙarasa aikin. Sun ba ɓeraye ƙwayar suka ga lahani irin na yaran, sannan suka gano sinadaran da ke cikinta a jinin marasa lafiyar. Dangin sinadarai ne da ake kira antirakwinon, irin su rein da emodin, kuma rein ya fi sauran kashe ƙwayoyin hanta a gwaje-gwajensu. Ciwon ba shi da makari. In yaro ya riga ya ci da yawa, abin da asibiti za ta iya shi ne ta tallafi jikinsa da ruwa da sukari da kulawa, a yi fatan hanta ta farfaɗo.

Kun san maganin annobar? Lauje da lasifika. Aka shiga ƙauyuka ana faɗakar da iyaye, ana tuge tsiron daga kewayen gidaje kafin ya yi kwasfa. Mace-macen suka ragu ƙwarai cikin 'yan shekaru. Ba allurar rigakafi, ba sabon magani. Ilimi kawai, wanda ya zo a makare ga iyalai da yawa.

To na san yanzu wani zai ce: "Malam, ai mu ganyen muke dafawa, su kuwa ɗanyar ƙwaya suka ci." Gaskiyarka, kuma ina so a riƙe wannan bambanci da kyau. Ban ce duk wanda ya sha ruwan rai-ɗore zai mutu ba, da haka ne da unguwanni da yawa sun zama kufai. Ƙwayar ce ta fi dafi. Amma ganyen ma yana ɗauke da dangin waɗannan sinadarai, shi ya sa yake saki ciki. Don haka labarin Indiya ya bar mana tambayoyi huɗu da ya kamata a yi wa kowane ganye: wane ɓangare na tsiron, yaya aka sarrafa shi, nawa aka sha, kuma wa ya sha? Kofin da ƙato mai kilo 70 zai shanye ya tafi kasuwa, shi ne ake ɗura wa jariri mai kilo 7. Kuma tukunyar da aka cika da ganye ta tafasa awa biyu ba ɗaya take da wadda aka jefa ganye biyar ba, alhali duka sunansu "kofi ɗaya safe da yamma".

Yanzu mu juya ɓangaren amfani, don adalci. Shin akwai bincike da ya nuna rai-ɗore na aiki? Akwai takardu da dama, wasu daga jami'o'inmu na Najeriya. Sai dai mafi yawansu iri biyu ne. Na farko, a tatsi ruwan ganye a ɗiga a kan ƙwayoyin cuta a cikin faranti a ga ko sun mutu. Na biyu, a ba ɓeraye. Misali a Kinshasa ta ƙasar Kwango, masu bincike sun gwada ruwan saiwarsa a kan ɓerayen da aka sa wa maleriya, ƙwayoyin cutar suka ragu. Wannan labari ne mai daɗi, amma matakin farko ne na tsani mai tsawo. Ai ruwan bilic ma yana kashe ƙwayar cuta a faranti, ba wanda zai sha shi. Duk lokacin da kuka ga an rubuta "bincike ya tabbatar", ku tambaya: a faranti, a ɓera, ko a mutum? In a mutum ne, mutum nawa, kuma da me aka kwatanta?

Ƙasar da ta ɗan hau tsanin nan ita ce Mali. Sashen magungunan gargajiya na gwamnati a Bamako ya haɗa wani maganin zazzaɓi mai suna Malarial, wanda mafi yawansa ganyen rai-ɗore ne tare da wasu tsirrai biyu, aka auna shi aka ƙulla a ƙunshi mai adadi sananne. A ƙananan gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane, masu sha sun ji sauƙin alamomin zazzaɓi, amma bai share ƙwayar maleriya daga jini kakaf ba. Ku dubi wannan sakamako da kyau, domin shi ne tarkon. Mutum ya ji sauƙi, ya ɗauka ya warke, ƙwayar na nan tana hayayyafa. Ga babba da jikinsa ya saba da maleriya, wataƙila ya tsira. Ga yaro ɗan shekara biyu ko mai juna biyu, kwana biyun da aka ɓata ana jiran ganye ya yi aiki na iya zama kwana biyun da suka raba rai da mutuwa.

In kuna son ganin yadda tsiro ke zama magani na gaske, ba sai mun yi nisa ba, a gidan su rai-ɗore ma akwai misali. Sanamaki, ɗan'uwan filaskonmu, likitocin Larabawa sun yi rubutu a kansa fiye da shekara dubu da suka wuce. A ƙarni na 20 aka ware sinadaran da ke aiki a cikinsa, aka auna, aka gwada. Yau yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya don maganin taurin bayan gida. Amma dubi yadda ya fito daga hannun masu bincike: aiki ɗaya aka tabbatar masa, da adadi, da gargaɗin kada a daɗe ana sha. Haka ma maganin maleriyar da ake ba mu a asibiti yau, daga ganye ya fito, dangin tazargade, wanda Tu Youyou ta ƙasar Sin da abokan aikinta suka tace a farkon shekarun 1970, har ta samu kyautar Nobel a 2015. A nan gida ma cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta ɗauki wani haɗin gargajiya na ciwon sikila ta bi da shi ta matakan gwaji har ya zama Niprisan. Wato kimiyya ba gaba take da ganye ba. Awo kawai take nema. Kuma abin lura, duk tsiron da aka bincika sosai, jerin cututtukan da ake cewa yana warkarwa raguwa yake yi, jerin gargaɗinsa kuma ya ƙaru. Wanda kuka ga yana maganin cuta ashirin ba illa ko ɗaya, galibi ba a kai ga auna shi ba ne.

Ko lambar NAFDAC da ake nuna mana a jikin robar maganin gargajiya, mu fahimci ma'anarta. Rajistar da ake ba irin waɗannan kaya a matakin farko ta shafi gwajin ko suna cutarwa ne, ba shaidar suna warkarwa ba. Shi ya sa ake rubuta a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da mai maganin ya yi ba. Ku juya robar ku karanta, rubutun ƙanana ne amma yana nan. Wanda ake sayarwa a bayan mota da lasifika cikin robar lemo kuwa, ko wannan matakin bai taka ba.

Akwai kuma abin da nake so likitocinmu da ɗaliban lafiya da ke bin wannan shafi su tafi da shi. Ban ce an samu annoba irin ta Saharanpur a ƙasar Hausa ba. Amma tsiron yana nan, talaucin yana nan, yaran da ke wasa a kan juji suna nan, kuma lokacin da rai-ɗore ke yin kwasfa a wajenmu ya faɗo daidai da ƙarshen damina, lokacin da maleriya ta fi yawa. Yaron da aka kawo da amai da suma a watan Oktoba, sunan farko da zai zo bakin kowa shi ne maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa, kuma sau da yawa haka ne. Sai dai tambayar "me ya ci, me aka ba shi ya sha?" ba ta cin ko kwabo. Indiya ta yi shekaru kafin ta yi wannan tambaya.

Mu kuma sauran jama'a, ga abin da ke hannunmu. In rai-ɗore ya tsiro a tsakar gida ko inda yara ke wasa, a tuge shi kafin ya yi 'ya'ya. A koya wa yara cewa ba kowane wake ake ci ba. Masu kiwo su lura da shi a harawa da dusa. Masu tsinko tafasa don kwaɗo su san bambanci: ganyen tafasa bakinsa zagaye ne, kwasfarsa siririya ce mai lanƙwasa kamar lauje, shi kuwa rai-ɗore ganyensa mai tsini ne, kwasfarsa ta fi faɗi. Kada a ɗura wa jariri ko ƙaramin yaro ruwansa, mai ciki da mai ciwon hanta ko ƙoda su nisance shi. Yaro in ya yi zazzaɓi a kai shi a gwada jini. In kuma an ga ya ci ƙwayar, a garzaya asibiti tare da kwasfar a hannu, kada a tsaya jiran amai, kuma kada kunya ta hana a faɗa wa likita gaskiya.

Sai mu matasa masu waya. Kafin ka tura wannan hoton mai cututtuka goma sha zuwa guruf ɗin danginku, ka tuna wata uwa a can za ta karanta ta gaskata, saboda kai ɗan boko ne a idonta. Ilimin ganye da iyayenmu suka bar mana dukiya ce, kuma girmama ta shi ne mu matsa wa jami'o'inmu da gwamnati lamba su zuba kuɗi a auna ta, a ware mai amfani daga mai cutarwa, a rubuta da Hausa kowa ya karanta.

A nan za mu dasa aya. Ku faɗa mana a ƙasa, me ake kiran wannan tsiro a garinku, kuma me ake yi da shi? Mutanen Maraɗi, Damagaram, Kumasi, Garwa, muna jiran ku. Ku tura wa wanda kuka san yana da ƙananan yara a gida. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.